Shekarar da Inna Ta Daina Magana

Duk lokacin da na ji ƙamshin ganyen darbejiya a tafasasshen ruwa, sai in tuna gidanmu na Malikanchi, shekarar da Inna ta haifi ƙanina na uku. Lokacin yankan rake ne, tsakar gida duk ɓawo da ƙudan zuma. Ana yi mata wankan jego safe da yamma, ana dama mata kunun kanwa, amma idan jaririn ya yi kuka sai ta juya fuskarta bango.

Maƙwabta suka ce kunya ce. Kakata ta wajen uwa ta girgiza kai. "Kunyar ɗan fari muka sani. Wannan ciwo ne."

Aka karɓo rubutu, aka yi turare. Baba ya ɗauke ta a babur zuwa asibiti a Makarfi. Suka auna jininta, suka ce lafiyarta lau. Ta dawo da maganin ƙarin jini, shirun kuma yana nan.

Sai kakata ta tattaro kayanta ta tare a ɗakin. Ba ta yi mata faɗa ba. Takan zauna kusa da ita tana ɓarar gyaɗa, ni kuma jaririn na bayana. Wata rana na ji muryar Inna ƙasa-ƙasa: "Ina tsoron in riƙe shi."

"To, mu riƙe shi tare," in ji kakata.

Sai da damina ta faɗi kafin mu sake jin dariyarta.

Yau ni ke duba masu ciki a wani ƙaramin asibiti kusa da Hunkuyi. Ɗakin awonmu ɗaya ne, labule kawai ya raba mu da masu jira, kuma likitan ƙwaƙwalwa mai duba irin ciwon Inna sai Zariya. Wasu mazan da sun ji sunansa sai su ce ai matarsu ba mahaukaciya ba ce. Duk da haka ba na sallamar mace ban tambaye ta barcinta da zuciyarta ba.

Jiya na yi wa wata mai jego wannan tambayar, sai hawaye suka fara zubo mata. Mijinta ya leƙo, wai gona na jiransa. Na jawo masa kujera.

"Malam, shigo ka zauna. Maganar nan da kai za a yi ta."