Ranar da Muka Kai Kukan Kwalbati Majalisa

A shekarar da ruwa ya karya kwalbatin bayan unguwarmu ta Yelwa, ni ce uwar ƙungiyar 'yan matan da ke koyon ɗinki a zauren gidanmu. Akwai Fulani, akwai Mumuye da Jukun, wasu na masallaci wasu na coci, Hausa ce ta haɗa bakinsu. Tun da kwalbatin ya karye, in aka yi ruwan safe babu mai zuwa makaranta sai wadda ta yarda ta tattare siket ta shiga kwata har gwiwa. Da aka ba mu izinin ziyartar Majalisar Dokokin Jiha, iyaye mata suka ce Allah ya kawo hanya, a kai kukan can.

Yaran suka zaɓi wata Bafulatana ta yi magana da yawunsu, doguwa mai sanyin murya, rainon kakarta. Duk unguwa an shaide ta da ladabi.

Da farko a bene aka zaunar da mu, muna kallon zaman daga sama. Ni karatuna na allo ne da ajami, Turancinsu bai shige ni ba, sai dai na ga in gudumar shugaban majalisa ta sauka kowa yakan yi tsit. Da aka tafi hutu, wani ma'aikaci ya kai mu wani ɗaki mai sanyi, ya ce wasu 'yan majalisa za su saurare mu na 'yan mintoci, da ƙararrawa ta kaɗa kuma shi ke nan.

Yarinyar ta fito ta durƙusa gaban na farko.

"Baba, ina wuni? Ya aiki? Ya iyali? Ya ruwa?"

Ya amsa. Ta ja gwiwa zuwa gaban na biyu, ta ɗauko daga farko. Ma'aikacin ya duba agogo, ya dube ni. Na yi gyaran murya, ta ɗauka tuni nake mata, ta koma ta tambayi na farkon ya gajiya.

Na ƙarshensu dattijo ne mai farin gemu. Da ya ji harshenta sai ya juya Fulatanci.

"A nyalli jam, 'yata? 'Yar gidan wa ce ke?"

Ta faɗa masa. Ashe ya san kakanta tun zamansu a garin Iware. Ya tambayi kakarta da ciwon ƙafarta, ya tambayi kawunnanta ɗaya bayan ɗaya, ya gangaro kan shanu. Ita kuwa kanta a sunkuye, sai "jam" take yi, wato lafiya. Suna kan shanun ƙararrawa ta kaɗa. Kafin mu ankara ɗakin ya zama daga mu sai kujeru.

Wata 'yar Mumuye, gajera mai baki, ta riƙe ƙugu.

"Sannu, uwar gaisuwa! Mu je mu ce wa iyayenmu shanu suna lafiya ko?"

Yarinyar ta fashe da kuka. Ni kuwa na san matan da ke jiran mu a ƙofar gida.

Cikin ikon Allah, mun kama hanyar fita sai ga dattijon nan ya dawo da sauri, babbar rigarsa tana jan ƙasa. Wai ba zai bar jikar abokinsa ta tafi ba rakiya ba. Ya taka mana har bakin ƙofa, sannan ya ce, "To, lafiya dai kuka zo?"

"Lafiya lau, Baba," in ji ta. "Gaisuwa ce kawai."

Haka ake amsa wa babba, ba ta yi kuskure ba, amma na ji kamar in zauna a ƙasa. Ta soma lanƙwasa gwiwa za ta yi sallama, sai gajerar nan ta cafke mata hannun dama, wata ta kama na hagu, suka ɗaga ta tsaye cak.

"Wallahi ba za ki durƙusa ba sai kin faɗa!"

A haka, a rataye tsakanin mutum biyu, idonta a rufe, ta faɗi maganar kwalbati tun daga ranar da ya karye har littattafan da ruwa ya tafi da su.

Dattijon, da tun da aka ɗaga ta yake dariya, ya daina. "'Yata, me ya hana ki faɗa tun a ciki?"

"Baba, ai ba ka gama tambayar mutanen gida ba."

Ya kira wani daga ofishinsa, ya ce ta maimaita masa, kuma kada a sake ta sai ta kai aya. Ba a sake ta ba. Kafin damina ta zagayo, muka wayi gari da leburori suna kwaɓa siminti a bayan unguwa. Alhamdu lillahi.