Fuskar Irma a Bangon Mujalla

Shekara ashirin da shida Wendell Hruska ya yi yana zana bangon mujallun labaran 'yan fashi a New York, duk sati zane ɗaya. Matarsa Irma ce ke tsaya masa a ɗakin girki, hannu ɗaure da igiyar shanya, baki buɗe kamar mai ihu, miya na tafasa a bayanta. In ya kai zane, kamfani ya riƙe abinsa, haka al'adar take.

Da Irma ta rasu, ya birkice gidan kaf bai sami hotonta ko ɗaya ba, sai fuskarta da ke cikin zanen da ke hannun kamfani. Ya je wurin edita, Mista Garland, ya roƙi zane guda.

"Haba Wendell, wannan tarkacen?" in ji Garland, bakinsa cike da burodi. "Sun cika mana sito. Da su muka ɗumama ofis a sanyin bara."

Wendell ya daki tebur har kofi ya kife.

"Sau dubu na zana matar nan a bakin mutuwa don ku ci abinci, ban taɓa barin wuta ta lashe ta ba. Sai kai, ɗan banza!"