Fankar Malam Jaji

Malam Jaji ya tsufa yana buga tafireta a wani ofis a Dutse, ko kujera ba a taɓa sake masa ba. Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, sai ga kwamfuta an kawo wa Musaddiq, sabon ɗauka, har da akwatin batir mai riƙe mata wuta. Abin ya tsaya wa Malam a rai.

Ran nan ya jona fankarsa a bayan akwatin, bai san ramukan hagu ba sa shan batir ba. Aka ɗauke wuta. Kwamfuta ta ci gaba da aikinta, fanka ta tsaya cak.

Malam ya share gumi, ya harari akwatin, ya ce, "Har kai ma kana da ɗan gaban goshi?"