Mutumin da Ake Kira Afuwan

Tun yana ɗan shekara shida mahaifiyarsa ta koya masa cewa duk wanda ya kawo ƙararsa shi ne mai gaskiya. Maƙwabciya ta shigo tana faɗa an fasa mata gilashin taga, Umma ba za ta tambayi kowa komai ba, takalminta kawai take cirewa. Bayan duka ta tisa ƙeyarsa har gidan matar, ta tsaya a kansa sai ya durƙusa ya ba da haƙuri. Ranar da aka fasa tagar nan kuwa yana kwance da zazzaɓi.

"Gara a ce ɗana wawa ne da a ce ba shi da tarbiyya," in ji ta. Unguwa kuma ta yi ta yabonta.

Haka ya girma. A taka masa ƙafa a mota, shi zai riga ba da haƙuri. Da ya kama aikin gyaran inji a wata masana'antar katako, ba a yi wata ba abokan aiki suka laƙaba masa Afuwan. Har tsokanarsa suke yi wai ko ƙofa ya buge sai ya nemi gafararta. Shekara goma sha tara yana wurin, an ɗaga yaran da ya koya wa riƙe sifana sun zama shugabanninsa, bai ce uffan ba.

Sai murfin babban injin zarto ya karye. Sau uku yana rubuta wa manaja a sayo sabo, sau uku ana ce masa a lallaɓa. Wata safiya injin ya cinye yatsu uku na mai tura katako, magidanci mai 'ya'ya biyar. Afuwan ne ya cire rigarsa ya naɗe masa hannun.

Da la'asar manaja ya kira shi ofis. An riga an buga takarda cewa shi Afuwan ne ya manta bai duba injin ba, an ajiye biro a kanta.

"Sa hannu kawai, malam. Ba wanda zai taɓa aikinka."

"Ranka ya daɗe, ai sau uku na rubuto." Shi kansa ya yi mamakin jin muryarsa.

"Je ka yi tunani zuwa gobe."

Matarsa ta ce wallahi in ya sa hannu kada ya ƙara yi wa 'ya'yanta wa'azin gaskiya. Daga nan ya wuce wurin Umma. Tana zaune bakin gado tana shafa man zafi a gwiwa. Bai kai rabin labarin ba ta katse shi.

"Manyanka ne. Je ka ba su haƙuri."

"Umma, yatsun mutum fa aka yanke."

"To kai ne za ka mayar masa?"

"Shekarata arba'in da bakwai, Umma. Ko sau ɗaya kin taɓa tambayata me ya faru?"

Ta juya masa baya, ta ce lalle an zuga shi.

Washegari ya ƙi sa hannu. Da masu binciken hatsarin suka zo daga hukuma, ya miƙa musu kwafin takardunsa uku. Suka rufe injin, aka tilasta wa masana'antar ɗaukar nauyin jinyar mai tura katako. Shi kuwa, sati biyu bayan nan aka sallame shi, wai ba ya girmama na gaba. Manajan na nan kan kujerarsa.

Yanzu yana wasa zarto da gyaran janareta a wata rumfa bakin titi. Umma ta yi wata biyu ba ta amsa gaisuwarsa ba, kuma har yau tana gaya wa 'yan'uwa cewa matarsa ce ta lalata mata yaro.