Yadda tabarau ɗin mahaifiyata ya ƙona katifar amarya

Shekarun baya, lokacin muna zaune a wani gidan haya a Gyadi-Gyadi, na sayo wa 'yata wani littafi don in samu lafiya. Ku fahimce ni da kyau, lafiyar kunnena nake nema, ba wani dogon buri ne da ni ba.

Tana firamare a lokacin, kuma Allah ya yi ta da tambaya. Ka dawo daga aiki ka kwaso rana, ko takalmi ba ka cire ba za ta tare ka. "Abba, kifi yana jin ƙishirwa? Abba, idan an ɗauke wuta ina take tafiya? Me ya sa ƙadangare yake gyaɗa kai?" Duk abin da ban sani ba sai in ce mata ikon Allah ne. Rannan ta dube ni ta ce, "Abba, ai na san ikon Allah ne. Ta yaya yake faruwa nake tambaya." Nan na san dabarata ta ƙare.

Abokina na wurin aiki ne ya ba ni shawarar in nemo mata irin littattafan kimiyya na yara masu hotuna. Na bi shagunan littattafai daga Tarauni har Unguwa Uku ina neman na Hausa. Na addini akwai, na soyayya ga su nan jibgi, na shirin jarrabawa kuwa har ƙasa. Amma wanda zai gaya wa yaro da Hausa yadda ruwan sama yake haɗuwa, babu. Wani mai shago har cewa ya yi, "Yallaɓai, wa zai saya?" Na ce ga ni a gabanka. Ya yi dariya kawai. Daga ƙarshe na Turanci na samu, na gwanjo, ƙato, cike da hotunan taurari da cikin jikin mutum da dutse mai aman wuta.

Turancin yarinyar kuwa bai wuce gaisuwa da sunayen dabbobi ba. Saboda haka hotunan take karantawa, abin da ba ta gane ba ta cike da kanta. Na kwana biyu ina yabon kaina, gida ya yi tsit. Ashe shiri take yi. Na fara tarar da wake ya tsiro a kofin shayina. Mahaifiyarta ta nemi kanwa ta rasa, an juye ta cikin ruwan lemon tsami don a ga kumfa. Rediyona ya daina magana, da na buɗe na tarar an cire maganaɗisun lasifikar ana farautar ƙusa da shi a tsakar gida. Duk wannan na haɗiye.

Gidan namu ɗakuna ne a jere, tsakar gida ɗaya. Akwai mu, da mahaifiyata da take tare da mu tun da aka yi mata aikin yanar ido. Akwai wani ɗan adaidaita sahu da ya kawo amaryarsa daga ƙauye ba da jimawa ba. Sai wata malamar firamare 'yar Kudancin Kaduna, Kirista, wadda ta riga kowa zama a gidan. Malama muke ce mata. Ita ce take ɗiga wa mahaifiyata magani a ido lokacin jinya idan ba ma nan. Idan babu wuta, da dutsen guga na gawayi take goge kayanta.

Wata Asabar cikin bazara na dawo daga cefane, tun daga zaure na ji hayaniya da ƙaurin soso. Katifar amarya da ta shanya a tsakar gida ta ci wuta, rami a tsakiyarta kamar bakin tukunya, an kwara mata ruwa tana ta tsiyaya. Amarya na zaune a ƙasa tana kuka, tana cewa katifar kayan ɗakinta ce, ko shekara ba ta yi ba.

"Gawayinta ne!" in ji amarya, tana nuna Malama. "Ita kaɗai ta hura wuta yau a tsakar gidan nan."

Malama ta ce, "Ƙanwata, tun da safe na gama guga, na kashe garwashin da ruwa. Na rantse da Allah ba ni ba ce."

Mijin amarya bai tsaya saurare ba, ya ɗauko mai gidan hayar a adaidaitarsa. Alhaji ya zo ya dubi katifa, ya dubi dutsen guga, ya ce dama ya sha faɗa ba ya son gawayi a gidansa, yau katifa ce, gobe gidan ne gaba ɗaya. Ya ce Malama ta nemi wani wuri kafin ƙarshen wata. Ni kuma da kayan miya a hannu na tsaya ina yi wa jama'a lacca a kan haɗarin gobara, har da ɗaga yatsa.

Da na shiga ɗaki na tarar mahaifiyata tana lalube. "Wa ya ga tabarau ɗina? Tun hantsi nake nema." Tabarau ne mai kauri kamar gindin kwalba, wanda aka ba ta bayan aikin ido. 'Yata kuwa tana can ƙuryar ɗaki, abinci a gabanta ko taɓawa ba ta yi ba, kuma abin da ya fi ba ni mamaki, ko tambaya ɗaya ba ta yi ba tun da na shigo. Mahaifiyata ba ta gani sosai, amma ta san jikarta. Ta ce, "Zo nan, ƙawata. Me kika ɓoye a hijabin nan?"

Tabarau ya fito, kuka ya biyo baya. Yarinyar ta ɗauko littafin ta buɗe mana shafin: wani yaro riƙe da gilashi a rana, hasken ya taru wuri ɗaya a kan ganye, hayaƙi na tashi. Ta ce ta rasa irin gilashinsa, sai ta ga na Inna ya yi kama. Ƙasa ta yi zafi ba ta iya durƙusawa, shi ya sa ta ɗora busasshen ganyen a kan katifa. Hayaƙi na fara tashi mahaifiyarta ta ƙwala mata kira za ta aike ta, ta hure ganyen ta tafi, a zatonta ya mutu. A ƙarƙashin hoton akwai jan rubutu da Turanci, yana gargaɗin kada yaro ya gwada sai da babba a kusa, kuma nesa da duk abin da zai kama wuta. Na tambaye ta ba ta ga wannan ba? Ta ce ta gani, ta ɗauka sunan yaron ne.

Wallahi na rasa wa zan fara da shi, ita ko littafin. Na fizge shi zan wurga a kwata. Mahaifiyata ta ce, "Ajiye. Ka kawo wa yarinya littafin da ba ta jin yarensa, me kake so ta yi da shi, ta yi matashin kai? Tashi ka je ka wanke baiwar Allah nan kafin ta fara ɗaure kaya."

Na tarar da Alhaji a ƙofar gidansa a Tarauni, na zayyana masa komai. Ya saurare ni har na gama, sannan ya zare nasa tabarau ya nuna mini. "Malam, na san kana son kare maƙwabciyarka, kuma ka kyauta. Amma ni ma shekara da shekaru nake yawo da wannan a rana, ban taɓa ƙona girata ba." Na yi bayani, na sake yi, na zana a ƙasa. Ya ce shi dai sai ya gani da idonsa, gobe zai zo.

Washegari da rana tsaka kowa ya fito tsakar gida. Alhaji aka kawo masa kujera. Na karɓi tabarau ɗin mahaifiyata na durƙusa gaban wani busasshen ganye, ina ɗagawa sai hadari ya taso daga gabas ya rufe ranar ruf. Wata da watanni muna roƙon ko 'yar inuwa ba mu samu ba, sai ranar da nake bukatar rana. Haka na zauna a durƙushe kamar mai neman gafara, ina kallon sama, mijin amarya na ta tsaki, Alhaji na duba agogo. Malama tana tsaye a bakin ƙofarta, hannu a harɗe.

Alhaji ya miƙe zai tafi ke nan rana ta leƙo. Ya cire hularsa, wata baƙa mai aiki, ya ajiye a gabana. "Bar ganyen nan. Ga hula, ƙona ta in gani." Na saita, na matsa, na ja baya, babu abin da ya faru sai gumi da yake zuba mini. Can na ji ƙaramar murya a bayana. "Abba, ba haka ba ne. Sai ɗigon ya zama ƙarami." Ta karɓa, ta ɗaga hannu kaɗan, hasken ya tattaru kamar ƙwayar gero. Kafin Alhaji ya gyara tsayuwa hayaƙi ya tashi. Ya fizge hular yana salati, ya leƙa ta cikin hujin, ya dubi yarinyar ya ce, "Ke, a wace makaranta kike? Kada a sake ba ki aron ko allura a gidan nan."

Ya janye maganar tashi. Amarya ta je har ɗaki ta ba Malama haƙuri. Katifarmu muka kai wa amarya kafin in sayo mata sabuwa, ni da matata muka koma tabarma, kuma kullum za mu kwanta sai matata ta ce, "Sannu da ƙoƙari, baban masu ilimi." Malama ce ta hana ni dukan yarinyar. Ta ce, "Kada ka taɓa ta. Zauna ka karanta mata, da yaren da take ji." Haka na koma duk bayan la'asar ina fama da ƙamus, ina fassara shafi-shafi, ina ƙirƙiro Hausar abubuwan da ni kaina ban taɓa jin sunansu ba.

Har yau idan na shiga shagon littattafai raina yana ɓaci. Yaranmu ba su fi na kowa rashin son sani ba, amma mun bar su suna karanta hoto suna cike sauran da ka. Masu rubutu, don Allah ku tausaya mana, ku rubuta wa yaran nan da Hausa yadda duniya take aiki.

Malama dai ba ta sabunta hayarta ba. Da wa'adinta ya cika ta koma Hotoro, duk da roƙon da mahaifiyata ta yi mata har da hawaye. Ranar da take loda kaya na ce mata ai komai ya wuce, gaskiya ta fito. Ta ce, "Ta fito, Malam. Amma da hadarin nan bai matsa ba fa? Na zauna da ku shekaru, na rantse muku da Allah, babu wanda ya yarda da ni sai da hula ta ƙone."

Na ɗauki dutsen gugar na sa mata a mota.