Direban da Ke Durƙusa wa Taya

Mu biyu ne kawai a gidanmu na Lambara, ni da kakata Inna Hajo, mahaifiyar babana. Mahaifiyata ta rasu tun ina goye. Babana direban akori-kura ne, yana ɗaukar albasa daga Shagari zuwa Sakkwato. A shekarun mulkin farar hula da aka shiga tsuke bakin aljihu, sabuwar taya ta yi wuyar samu. Mai motar ya jingine ta, Baba ya tafi Kudu neman wata motar da zai ja. Ina da shekara takwas.

Bayan magariba Inna kan tura karan dawa a murhu, mu zauna. Idan ta ce, "Ga ta nan tahe gare ku," ni kaɗai ke amsawa, "Ta taho mu ji ta." Daga wasu gidaje ina jiyo yara da yawa suna amsa tasu tare.

Akwai wata tatsuniya da ban taɓa ji a bakin kowa ba sai ita. Wai direbobi biyu ne suka yi lodin albasa za su ƙetare wani daji mai kuraye. Na farko mai gaggawa ne. Ya shuri taya da ƙafa, ya ce lafiyarta lau, ya ja mota. Na biyu kuwa tun da sanyin safiya ya durƙusa gaban kowace taya, ya buɗe bakinta ya sa ma'auni. Wadda iskarta ta ragu ya ƙara mata da famfo, wadda ta cika da yawa ya rage. Har safaya bai bari ba. 'Yan tasha suna ta yi masa dariya, wai yana gaida taya kamar surukarsa.

"To mi ya hana shi aunawa da rana, Inna?"

"In taya ta yi zahi ƙarya takai, ɗiyata. Da sahe aka jin gaskiyatta."

Mai gaggawa ya yi nisa, tayarsa mai ƙarancin iska ta yi ta lanƙwashewa ƙarƙashin kaya, ta ɗau zafi, ta fashe a tsakiyar daji. Ya duba safaya, babu iska. Yana kan buhunan albasa kuraye na zagaye shi, sai ga na biyu ya iso a hankali ya ɗauke shi.

"Shi mai aunawa ya koma gida?"

"Mai aunawa kullum shina komowa," in ji ta. Sai ta ce ƙurunƙus, ta juya tana gyara wutar da ba ta bukatar gyara.

Na san Baba take nufi, don na sha ganinsa a durƙushe da ma'auni a hannu. Saboda haka na riƙa kwana da ƙarfin zuciya.

Shekara uku bai zo ba, sai saƙon gaisuwa jefi-jefi ta bakin direbobi. Inna ta rasu da kaka, ana yankan gero. Baba ya iso bayan sadakar arba'in, lafiya lau, ya ɗauke ni zuwa Bodinga wurin ƙanwarsa.

Yanzu ina koyarwa, ina da 'yar motata. Duk ranar Asabar da safe nakan tsaya wurin mai faci ya auna mini tayoyi kafin su ɗau zafi. Na daɗe ina zaton Inna ta ƙirƙiri tatsuniyar ne don ta rarrashe ni. Sai da ɗana na fari ya fara tafiye-tafiye na gane. Inna ba ta san inda ɗanta yake ba, ba ta san abin da yake ci ba. Abu ɗaya ta tabbatar game da shi, cewa ba ya hawa mota bai duba taya ba. Shi take maimaita wa kanta, ni kuma ina taya ta ji.