Kwanukana Huɗu

Jiya Malam Hadi bakanike ya tsuguna a zaurenmu, ya ɗaga faifan da na rufe kwanon farko da shi, ya leƙa ciki.

Kwana uku kafin rasuwarsa, mijina Baban Sadiya ya kwance injin motarsa. Ya ɗauki kwanukan tuwona huɗu, ya zuba kayan kowane fistan a kwano guda. Ya jefa ƙwayar masara ɗaya a na farko, biyu a na biyu, har zuwa huɗu. Ranar na yi ta mita a kan baƙin mai. Dariya kawai ya yi, ya ce kar in taɓa.

Har na fita takaba ban taɓa ba. Na rufe su saboda kaji, ina shara ina kewaye su.

Malam Hadi ya ce, “Maman Sadiya, ba wanda ya juye waɗannan?”

Na ce, “Ni da ko wankewa ban yi ba.”

Ya ce, “Alhamdu lillahi. Kowane fistan raminsa daban a injin. Da sun cakuɗe, sai injin ya buga, kuma da tsadar nan sai dai a sayar wa ’yan gwangwan. Masarar nan ita ta gaya min komai.”

Yau da hantsi motar ta tashi, da ƙararta irin ta da. Ƙanin Baban Sadiya zai riƙa jigila da ita zuwa Ɗambatta, mu samu na cefane.

Kwanukan sun dawo hannuna, amma na kasa wanke su. Ku sa Baban Sadiya a addu’a. Ku me naku suka bar muku da kuka kasa taɓawa?